Suna ɗaya, mutum biyu: yadda takwara ke rikita lissafi a ƙwallo, fim da waƙa

A makon ƙarshe na watan Agustan 1993, mutum biyu masu suna Ibrahim Babangida ne ke riƙe da sunan Najeriya, kowa a fagensa. Ɗaya janar ne na soja, yana Abuja yana sauka daga mulki bayan shekara takwas, rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni ya dabaibaye ƙasa. Ɗayan kuwa yaro ne ɗan Kaduna, ƙanen Tijjani Babangida, yana Japan cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 tare da su Nwankwo Kanu da Wilson Oruma da Celestine Babayaro. Ranar 4 ga Satumba suka doke Ghana da ci 2-1, suka ɗauko kofin duniya. Janar ɗin 'yan jarida suka laƙaba wa Maradona saboda iya zille-zillen siyasa, amma mai ƙwallo a ƙafa shi ne yaron, wanda daga baya ya tafi Holan ya buga wa Volendam.

A watan Mayun 2024 Allah ya yi wa Ibrahim ɗan ƙwallo rasuwa a hatsarin mota tsakanin Zariya da Kaduna, yayansa Tijjani kuma ya ji rauni. Allah ya jiƙansa da rahama. Wanda duk ya ga kanun labarin a waya, in ba tsohon mai bibiyar ƙwallo ba ne, hankalinsa Minna, garin janar, ya fara tafiya, sai da ya karanta layi na biyu ya gane wa ake nufi. Yau ma in ka rubuta sunan a Google, shafi bayan shafi janar za ka gani. Mutumin da ya ciwo wa ƙasarsa kofin duniya sai ka ƙara masa "ɗan ƙwallo" kafin ya fito.

Wannan shi ne gundarin maganar takwara tsakanin mashahurai. Ana yawan kawo ta a matsayin abin nishaɗi, a jera hotuna a ce kun san wane da wane sunansu ɗaya? Amma in suna ya haɗa mutum biyu da ke neman abinci da shahara, ba a raba riba da asara daidai. Wanda ya fi tashe ba ya rasa komai. Ƙaramin shi ke biya, da aikinsa, da kuɗinsa, wani lokaci har da tarihinsa bayan ya bar duniya.

A fara da dalilin da ya sa abin ya fi yawa a wurinmu. Bahaushe ba ya ƙirƙirar sunan yanka. Ranar suna liman zai raɗa wa jariri sunan annabi, ko sahabi, ko na iyalan gidan Manzon Allah (SAW), kuma galibi uba yana yi wa wani takwara ne: mahaifinsa, surukinsa, malaminsa, ko aminin da ya rasu. Yi wa mutum takwara girmamawa ce babba, shi ya sa sunayen ke ta zagayawa cikin dangi. Gida guda ma ana iya samun Muhammadu biyar, sai a bi su da lissafi: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru. Ga kuma sunayen da ke tafe da abokan rakiyarsu, Abubakar da Sadiq ko Garba, Umar da Faruk ko Sanda, Usman da Shehu. Sannan ga alkunya. Uwa ba za ta kama sunan surukinta ba, don haka yaron da aka yi wa takwara da kakansa ya koma Abba, ko Baba, ko Babangida. Ka ga kenan janar da ɗan ƙwallon ba dangi ba ne, al'ada ɗaya ce ta samar da sunan a gidaje biyu.

Babban abin kuma shi ne ba mu da sunan zuri'a irin na Turawa, wanda ke bin jika da tattaɓa-kunne. Mutum sunansa da na ubansa ne, kuma duka biyun daga rumbu guda aka ɗebo su. Lokacin da boko ya zo, rajistar aji ta cika da masu suna iri ɗaya, sai aka riƙa liƙa wa ɗalibi sunan garinsu. Ta haka aka sami Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Ɗauki Sani kawai ka gani. A ƙwallo akwai Sani Kaita, wanda ya buga wa Najeriya gasar kofin duniya ta 2010. A fim akwai Sani Danja da Sani Mu'azu da Sani Moda. A kiɗan gargajiya akwai Sani Sabulu na Kanoma da Sani Ɗan Indo da Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri. Nan Kaduna kuma in aka shiga siyasa, ga Uba Sani ga Shehu Sani. Duk da haka ban taɓa jin an rikita su a bakin mutane ba, domin babu wanda ke cewa Sani ya yi shiru. Kowanne da wutsiyar da ke bin sunansa, kuma wutsiyar ce ainihin abin da jama'a suka riƙe.

Makaɗan da suka gabata sun gama da wannan matsala tun kafin rediyo ta kai ƙauye. Mamman Shata na Katsina, Mamman Gawo na Filinge a Nijar, Mamman Sarkin Taushin Katsina: ɗaya laƙabi ya raba shi, ɗaya gari, ɗaya sarauta. Musa na Maradun ya zama Ɗanƙwairo saboda an kamanta zaƙin muryarsa da ta wani mai wannan suna a cikin 'yan amshin mahaifinsa, har sunan ya bar mai shi ya zauna a kansa. Adamu Wayya na Jos maraici ya ba shi suna, har ya rasu a 2015 mutane ƙalilan ne suka san shi da wani abu ban da Ɗan Maraya. In mai gabatar da zaɓi-sonka a Rediyon Tarayya ta Kaduna ya ce ga Hassan Wayam, ko Garba Supa, ko Haruna Uji na Haɗeja, babu mai sauraren da zai tambaya wane Hassan, wane Garba.

Amma tsarin da ya fi burge ni na 'yan dambe ne, kuma ina ganin ba a ba shi darajar da ta kamace shi ba. A gidan dambe suna ba ya tsayawa ga bambancewa, yana faɗin asalin mutum a sana'ar. In aka ce Shagon wane, an gaya maka a hannun wa ya koya. In aka ce Autan wane, shi ne ƙaramin yaran gidan. Garkuwan wane, Bahagon wane, Dogon wane, kowanne yana ɗauke da sunan ubangida, na bahago ma har da hannun da yake ɗaurewa. Ali Ƙanin Bello da yayansa aka san shi. Bayan haka ga ɓangare, Kudu ko Arewa ko Guramada. Saboda haka sankira na kiran suna, ɗan kallo ya riga ya san gidan da ɗan damben ya fito, ya san wa ya rene shi, ya san waɗanda ba zai taɓa sa zare da su ba. Alin dambe goma za su iya haɗuwa a fili guda ba tare da an yi kuskuren wanda ya yi kisa ba.

Da masana'antar fim ta kafu, wannan hanya ta bi, sai dai a gaggauce. Wurin mata abin ya fi tsanani, domin Fatima da Maryam da Hadiza da A'isha da Hauwa da Zainab su ne kusan rabin 'yan matan kowace unguwa. Aka sami Fati Muhammad da Fati Ladan da Fati Washa, ga mawaƙiya Fati Nijar. Aka sami Maryam Booth da Maryam Yahaya da Maryam Gidado da Maryam CTV, wadda sunan gidan talabijin ya bi ta. Hadiza Aliyu, wadda aka haifa a Libreville, ta zama Hadiza Gabon, ga Hadiza Kabara ga Hadizan Saima. Rahama Sadau 'yar Kaduna ta shigo ta tarar da Rahama Hassan ta riga ta yi suna, sai sunan uba ya raba su. A maza kuwa Adam A. Zango gari ya ɗauka, Aminu Ladan Abubakar ya harhaɗa haruffan farko na sunayensa ya zama Ala, ya rabu da Aminu Saira da Aminu Shariff Momo. Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa harafi guda suka soka a tsakiya.

A nan akwai abin da nake so a lura da shi. Laƙabin gari ko na uba mallakin mai shi ne, duk inda ya je da abinsa zai tafi. Laƙabin da aka samo daga fim ko daga rawar da aka taka kuwa aro ne. Wani aron yana zama har abada, musamman in ɗan wasan shi ya gina rawar da hannunsa. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu nan Kaduna a Nuwambar 2023, Samanja ne har kabarinsa, haka Rabilu Musa ya zama Ibro. Amma a zamanin shirye-shirye masu dogon zango, rawa ta mai shiri ce. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina, ba a binne Sumayya ba, Fati Washa aka ba ta ci gaba da ita. Nafisa ba ta yi asara ba don ta riga ta kafa sunanta shekaru kafin shirin. To yarinyar da ta shigo jiya fa, wadda duk duniya ba ta san ta da komai ba sai sunan rawarta? Ranar da suka saɓa da furodusa, ta bar aikin ta bar sunan tare. Shi ya sa nake ganin duk ɗan wasan da ya bari sunan shiri ya haɗiye nasa, ya yi gini ne a filin wani.

A ƙwallo kuwa, duk mai zuwa gidan kallo ya san musun Ronaldo. A wani gidan kallo a Tudun Wada, ana jiran a dawo daga hutun rabin lokaci, janareta na ƙugi a waje, wani dattijo mai saƙa da hula a gwiwa ya ce shi bai ga ɗan gaba kamar Ronaldo ba. Samarin da ke bencin gaba suka yi ta tafi, sun ɗauka nasu yake nufi. Sai ya ɗaga hannu ya ce: "Ba na Fotugal ba, De Lima nake faɗa muku, wanda ya ci Jamus biyu a wasan ƙarshe." Nan take wurin ya rabu gida biyu, kuma kusan da shekaru aka rabu. Waɗanda suka kalli gasar 2002 da idonsu, inda ya ci ƙwallo 8, suna gefe guda, waɗanda suka buɗe ido da Cristiano suna ɗaya gefen.

Abin da yawancin samarin ba su sani ba shi ne shi kansa De Lima, wato Ronaldo na Brazil, sai da ya yi zaman ƙaramin takwara. A Brazil sunan farko ko laƙabi ake sa wa a riga, kamar dai yadda muke kiran mutum, don haka suna fama da irin matsalarmu. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 akwai wani Ronaldo mai tsaron baya da ya girme shi a tawagar, sai aka rubuta masa Ronaldinho a riga, wato ƙaramin Ronaldo. Da wannan suna ya ci Najeriya ƙwallo ɗaya tilo a wasan rukuni, kafin mu rama da 4-3 a wasan kusa da na ƙarshe. Wannan tawaga tamu kuwa cike take da 'yan Kaduna: Daniel Amokachi da ya tashi a Ranchers Bees, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel mai tsaron gida. A wasan ƙarshe da Ajantina, biyu daga cikin ƙwallaye ukun da suka kawo zinare Celestine da Amokachi suka ci. Bayan 'yan shekaru wani yaro mai suna Ronaldo de Assis Moreira ya taso, De Lima ya riga ya karɓe sunan Ronaldo, sai yaron ya gaji sunan Ronaldinho. Shi kuwa Cristiano, an ce mahaifinsa ya sa masa sunan ne don ƙaunar Ronald Reagan, ɗan fim ɗin da ya zama shugaban Amurka. Da ya je Real Madrid a 2009 Raul na riƙe da lamba 7, sai aka ba shi lamba 9, rigar da De Lima ya sa a kulob ɗin 'yan shekaru kafin nan. Suna ɗaya, lamba ɗaya, kulob ɗaya. Wannan ne kaɗai misalin da na sani inda takwarori biyu suka yi girman da babu wanda ya iya binne wani, amma duk da haka sai da aka koma ga laƙabi, R9 ga De Lima, CR7 ga Cristiano.

Maƙwabtanmu na Mali su suka fi kama da mu. A gasar cin kofin Afirka ta 2019 a Masar, tawagarsu na da Adama Traore biyu, dukansu haihuwar watan Yunin 1995, kuma dukansu suka ci ƙwallo a wasan da suka doke Muritaniya 4-1. Mutanensu da laƙabi suke raba su, ɗaya Noss ɗaya Malouda. Ga kuma na uku, ɗan asalin Malin da aka haifa a Sifen, wanda 'yan kallon gasar Ingila suka sani a Wolves. Haka Musa Dembele biyu, na Beljiyam da na Faransa, suka ratsa Fulham: a 2012 babban ya tafi Tottenham, a shekarar ƙaramin ya shigo. Real Madrid ma da ta haɗa Mahamadou Diarra da Lassana Diarra, sai aka rubuta wa na biyun Lass a riga. Mu ma mun yi namu a Olamfik ta 2016, wasan neman tagulla da Honduras: ƙwallaye ukun da muka ci duka Umar ne ya ci su, biyu na Sadiq Umar ɗan Kaduna, ɗaya na Aminu Umar.

Turawa ta hanyar doka suka bi. Ƙungiyar 'yan wasan fim ta Amurka da takwararta ta Birtaniya ba sa yarda mambobi biyu su yi aiki da suna iri ɗaya. Wanda ya riga rajista shi ke da suna, na baya ya nemi wani. Michael Keaton sunansa na gaskiya Michael Douglas, ya tarar da mai sunan a ciki, ya canza. Mawaƙiya Katy Perry sunanta Katheryn Hudson, ta bar shi don kada a riƙa haɗa ta da 'yar fim Kate Hudson. Michael B. Jordan ɗan fim ba shi da alaƙa da Michael Jordan na ƙwallon kwando, harafin tsakiyar nan shi ke tsare masa gida. Ba don ƙawa suka yi dokar ba. Sunan da ke jikin fim da shi ake lissafin haƙƙin da za a riƙa biyan ɗan wasa duk lokacin da aka sake nuna aikin, don haka rikicewar suna rikicewar kuɗi ce. A Indiya kuma, Shah Rukh Khan da Salman Khan da Aamir Khan duk a 1965 aka haife su, kuma babu dangantakar jini tsakaninsu, ko da yake har yau akwai masu kallo a nan da ke ɗauka 'yan gida ɗaya ne.

Idan haka ne, me ya canza a wurinmu, tunda laƙabi ya daɗe yana aiki? Abin da ya canza shi ne a da mutum ke riƙe da suna, yanzu takarda da na'ura ke riƙe da shi. Mai gabatarwa a rediyo ya san muryar kowa. Sankira ya san gidan kowa. Fasfo da kwantiragi da manhaja kuwa ba su san Shagon wane ba, gurbi biyu kawai suka sani: sunan farko da sunan zuri'a. Mu kuma ba mu da na biyun, sai kowa ya cusa abin da ya samu. Shi ya sa ɗan wasa guda yake Sadiq Umar a jaridun gida, Umar Sadiq a Italiya da Sifen. Shehu Abdullahi wani wuri Abdullahi Shehu ne. Victor Moses da Moses Simon sun yi shekaru tare a Super Eagles, Moses na ɗaya sunan uba ne, na ɗayan sunansa ne. Kuskuren takarda ma yana iya zama suna: Mikel Obi Michael ne, a rajistar gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2003 aka rubuta Mikel, ya bi shi har Chelsea. FIFA ta magance nata da bai wa kowane ɗan wasa mai rajista lamba tasa shi kaɗai, wadda ke bin sa duk kulob ɗin da ya koma. Wannan lamba na da amfani ga ƙananan makarantun ƙwallo irin na Kaduna, domin in yaro ya zama ƙwararre a waje, tarihin rajistarsa ake bi a biya waɗanda suka rene shi kasonsu. In an rubuta shi da suna iri uku a wuri uku, kuɗin na iya maƙalewa.

Harkar waƙa ta fi rauni. Ka tsaya wurin masu tura waƙa a waya a Kasuwar Bacci ka kalli allon kwamfutarsu. Wata mata za ta miƙo mamori ta ce a sa mata waƙoƙin da, yaron ya buɗe jaka mai suna "Gargajiya", a ciki fayil ɗari, wasu an rubuta Shata 1, Shata 2, wasu Sani kawai, wasu babu suna sai lamba. Duk muryar da aka ji da kalangu an jefa ta jakar Shata, duk waƙar fada ta zama ta Ɗanƙwairo ko Narambaɗa. Daga irin waɗannan jakunkuna ake kwasa a ɗora a YouTube da TikTok da hoton wanda aka fi sani, don shi ke jawo masu kallo. Babu mugun nufi a zuciyar yaron, bai sani ba ne. Amma makaɗin da bai yi tashen Shata ba an shafe shi kenan, jikokinsa na ji ana yaba waƙar kakansu da sunan wani.

Manyan manhajoji irin su Spotify da Audiomack ma ba su tsira ba. Mawaƙi ba ya ɗora waƙa kai tsaye a Spotify, sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin DistroKid ko TuneCore. In bai nuna ainihin shafinsa ba lokacin ɗorawa, na'ura za ta duba suna ta ajiye waƙar a shafin wanda ta ga ya dace, ko da wani mutum ne daban. Kuɗin saurare yana bin wata lamba mai harafi da alƙaluma 12 da ake bai wa kowace waƙar da aka naɗa, ana kiran ta ISRC, don haka yakan isa ga wanda ya ɗora. Abin da ke salwanta shi ne mabiya, domin wanda waƙar ta burge shi shafin takwara zai bi. Masu wayo kuma sun gano ƙofar, suna sa wa waƙarsu sunan wanda ke tashe don su kwashi masu saurarensa. Haƙƙin wanda ya tsara waƙa kuwa ta hannun ƙungiyar karɓar haƙƙi irin MCSN yake bi, kuma can ma lamba ce ke raba Aminu da Aminu. Mawaƙin da bai yi rajista ba, ba shi da lambar.

Akwai kuma kishiyar matsalar, wadda ba a cika magana a kanta ba: mutum ɗaya ya zama uku. Ahmad, Ahmed, Amadu. Shareef, Sharif, Shariff. Ɗanƙwairo da ƙugiya, Dankwairo babu ƙugiya, Dan Kwairo a rabe. Kunnen Bahaushe abu ɗaya yake ji, na'ura kuwa mutum uku take gani, ta raba musu masu saurare.

Sai maganar damfara da labarin ƙarya. Shafukan bogi da sunan 'yan fim sun cika Facebook, ana karɓar kuɗin 'yan mata da alƙawarin sa su a fim, kuma yawan masu suna iri ɗaya shi ke ba ɗan damfara mafaka, don ko an kama shi zai ce ai sunansa ne. In kuma wata Hauwa ko wani Ahmad ya rasu a masana'antar, kafin a yi jana'iza an yaɗa hoton takwaran da ke raye, 'yan uwansa na nesa suna ta kira cikin kuka. Wannan ba ƙaramin zalunci ba ne ga gidaje biyu: gidan da aka firgita a banza, da gidan da aka hana mamacinsu addu'ar da ta kamace shi.

Mutane da yawa na ɗauka dokar haƙƙin mallaka za ta kare su. Dokar da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 tana kare waƙa da fim da rubutu, amma ba ta kare suna. Mai son ya tsare sunan sana'arsa sai ya yi masa rajistar alamar kasuwanci a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja. Ko da ya yi, babu kotun da za ta hana wani Ali Nuhu amsa sunan da ubansa ya raɗa masa. Abin da za a iya hanawa shi ne ya yi kasuwanci ta yadda jama'a za su ɗauka wancan ne.

Ni dai ba na goyon bayan mu kwafi dokar Amurka yadda take, a ce wa yaro ya yar da sunan ubansa don wani ya riga shi. Sunan uba a wurinmu ba riga ba ce da ake tuɓewa. Hanyarmu ta laƙabi ta fi dacewa da mu, abin da ta rasa shi ne a rubuta ta. Ina so in ga ƙungiyoyi irin su MOPPAN ta masu harkar fim da na mawaƙa suna da rajistar da kowa zai iya dubawa a intanet: sunan yanka, sunan uba, laƙabi, gari, da rubutu guda da mai sunan ya zaɓa. Sabon shiga in ya tarar da mai irin laƙabinsa, a zauna da shi a nemo masa wani tun kafin fim ɗinsa na farko ya fita. 'Yan jarida kuma, musamman masu shafukan labarai na Hausa da ke rige-rigen wallafawa, su sa sana'ar mutum da laƙabinsa a cikin kanun labarin kansa, su tabbatar da hoto kafin su saki labarin mutuwa.

Aikin da ya fi gaggawa na tsofaffin waƙoƙi ne, kuma Kaduna ce ta fi cancanta ta yi shi. Tun 1962 gidan rediyon da ke nan yake naɗar makaɗan Arewa, ga Gidan Arewa da aikinsa adana tarihi ne, ga sashen Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Tsofaffin ma'aikatan rediyo da 'yan amshin da suka rage, waɗanda daga jin bugun farko za su ce wannan Sani Sabulu ne ba Sani Ɗan Indo ba, shekaru sun ja musu. A zaunar da su da faya-fayen, a bi waƙa ɗaya bayan ɗaya a rubuta mai ita, da garinsa, da kayan kiɗansa, da wanda ya yi wa ita, sannan a saki jerin kyauta yadda yaron Kasuwar Bacci da mai ɗorawa a YouTube za su samu su gyara sunayen fayilolinsu.